Kaushi, Gargada da Faso a Sifaniyanci: Yadda Za Ka Zaɓi Kalmar da Ta Dace

Mai koyon Sifaniyanci yakan iya launuka da ƙirga da sunayen abinci tun a makonnin farko. Amma ka miƙa masa samfefa ka ce ya faɗi yadda take a hannu, sai ya yi shiru, ko ya ce *duro*, wanda tauri yake nufi ba kaushi ba. Littattafan koyo ba su cika tsayawa a nan ba, alhali waɗannan kalmomi ne ake nema a shagon kayan gini, wajen sayen yadi, gaban likitan fata, ko in za a tambayi direba halin da hanya ke ciki. Harshen kuma ba na gari ɗaya ba ne. Kusan mutum miliyan 500 suka tashi da shi a baki, kuma shi ne harshen hukuma a ƙasashe 20, har da Ikwatoriyal Gini da ke maƙwabtaka da Kamaru. Saboda haka kalmar da ta zauna daidai a Madrid tana iya sauya kama a Ajantina.

Shawarata tun farko ita ce kada ka zauna haddar jerin kalmomi. Hannu ya fara taɓawa, sannan baki ya faɗa.

Mataki na 1: Tara kayan aiki

Samu tire ka zuba waɗannan: yankin samfefa, ɓawon dogon yaro, soson wanka, ƙyallen buhun algarara, ɗan yashi, gishiri mai manyan ƙwayoyi, lemo guda, tsohon tawul da rana ta busar, auduga, da kofin gilashi. Biyun ƙarshe na kishiya ne, domin ba a gane kaushi sai an ajiye laushi kusa da shi. Tanadi ƙananan takardu da biro, kowane abu za ka rubuta masa sunansa haɗe da sifarsa, ba sifar ita kaɗai ba.

Mataki na 2: Raba áspero da rugoso

In ka kama wannan, ka ci rabin aikin. Mu da Hausa "kaushi" muke cewa ga tafin hannun manomi, da shi kuma muke siffanta bangon da ba a shafe ba. Sifaniyanci yana yin tambayoyi biyu daban.

Ta farko: in na shafa, fatata me ta ji? In abin yana gurzar fata, yana riƙe yatsa, to *áspero* ne. Kishiyarsa *suave*. Samfefa *áspera* ce, haka tsohon tawul ɗin nan, haka harshen kyanwa in ta lashi hannunka. Sunan halin shi ne *aspereza*.

Ta biyu: fuskar abin yaya take? In tana da tudu da kwari, kurzunu-kurzunu, layi-layi, ko da ido ma ana gani, to *rugoso* ne. Kishiyarsa *liso*, wato sumul. Kalmar ta fito daga *ruga* ta Latin, wadda ke nufin tamoji, kuma sunan halin *rugosidad*, shi injiniyoyi ke rubutawa in suna auna fuskar ƙarfe ko cikin bututu.

Yanzu koma kan tiren. Ɗauki lemon ka rufe ido. Ɓawonsa yana da ƙananan ramuka, yatsa yana jin hawa da sauka, amma ba ya karce ka: *rugoso* ne, ba *áspero* ba. Ɗauki samfefa mai laushin yashi. A ido a shimfiɗe take, babu tudu babu kwari, amma goga ta a bayan hannu ka ji: *áspera*. Ɓawon dogon yaro ya haɗa duka biyun, *la corteza es rugosa y áspera*. Jikin kuka kuwa, duk girmanta, *liso* ne. Masu Sifaniyanci sukan cuɗa kalmomin biyu a hira, musamman kan bango da dutse, ba wanda zai kama ka da laifi. Amma in kana shakka, *áspero* ya fi faɗi, shi za ka ɗauka.

Akwai tarko uku a gefen wannan mataki. Rigar da ba a goge ba *arrugada* ce, ta yamutse, ba a ce mata *rugosa*. Laushi kuma kashi biyu ne a wajensu: abin da ke da daɗin shafa, kamar auduga ko fatar jariri, *suave*, abin da ke lotsawa in an danna, kamar katifa ko nunanniyar ayaba, *blando*. Santsi ma haka: gilashi *liso* ne, amma daɓen da aka zuba wa ruwan sabulu *resbaladizo* ne, ko *resbaloso* a bakin mutanen Latin Amurka. 'Yan uwa na Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi boko da Faransanci sun sami gada a nan, domin *rugueux* da *lisse* da *âpre* 'yan ɗaki ɗaya ne da *rugoso* da *liso* da *áspero*.

Mataki na 3: Gyara furuci tun kalmomin ba su yi yawa ba

Bahaushe yana da sa'a a kan harafin r. Muna da mai kaɗa harshe, wanda ke cikin "biyar" da "arba'in" da "tara" ta ƙirga. Shi ake so. A farkon kalma, kamar *rugoso* da *rasposo*, ko inda aka rubuta rr, ka ja shi ya kaɗa sosai. A tsakiyar kalma, kamar *áspero*, bugu ɗaya ya isa. Wancan r na "ruwa" da "rana", mai naɗe harshe baya, ka ajiye shi a gida.

Inda muke zamewa shi ne p. A rufe leɓɓa gam, a ce *ás-pe-ro*, kada ya koma "asfero". Alamar da ke kan á tana nuna gaɓar da ake dannawa, wato ta farko. Kalmar da ta ƙare da wasali kuma ba ta da alama, gaɓar kusa da ƙarshe ake dannawa: ru-GO-so, are-NO-so. Sai baƙaƙe biyu a jere, *grueso*, *grieta*, *grumo*: harshenmu yana son cusa wasali ya ce "gurumo", a hana shi. Harafin j na *lija*, samfefa ke nan, daidai yake da خ na Larabci, duk wanda ya yi makarantar allo ya san shi. Ba a furta h ko kaɗan, *harinoso* "arinoso" ne. B da v kuwa sauti ɗaya ne, abin da ya sa *basto*, mai kaushi, da *vasto*, mai faɗi, ba sa rabuwa sai a rubuce.

Mataki na 4: Saka sifar cikin jimla

Jinsi ba baƙon abu ba ne gare mu, tunda muna cewa farin gida, farar mota, fararen riguna. Haka suke yi: *papel áspero*, *tela áspera*, *dedos ásperos*, *manos ásperas*. Lura cewa *mano*, hannu, mace ce duk da ta ƙare da o. *Suave* ba ruwanta da jinsi, jam'i kawai take ɗauka, *suaves*. Sifa kuma galibi bayan suna take zuwa.

Abin da ba mu da shi shi ne rabon *ser* da *estar*, aikatau biyu da ke aikin "ne" da "ce" namu. In kaushin halittar abin ne, *ser*: *la lija es áspera*, haka aka yi ta. In kaushin ya same shi ne daga baya, *estar*: *la toalla está áspera*, tawul ɗin ya yi kaushi, da can ba haka yake ba. Hausa ma tana nuna wannan ta wata hanya, dubi bambancin "mai kaushi ne" da "ya yi kaushi". Duk inda za ka ce "ya yi", *estar* ne.

Ga jikinka kuwa, sun fi son *tener*, aikatau mai nufin "yana da", kuma ba sa cewa "hannuwana", sai "hannuwan": *tengo las manos ásperas*, hannuwana sun yi kaushi, *tienes los labios secos*, leɓunanka sun bushe. Don auna yawa, ga tsani daga ƙasa zuwa sama: *un poco*, *bastante*, *muy*, sai *demasiado* in abin ya wuce kima. Ka riƙe *al tacto*, wato "a taɓi", yana ƙawata jimla: *es áspero al tacto*. Akwai *aspérrimo*, matuƙar kaushi, amma ta marubuta ce; ka gane ta in ka gani, kada ka kai ta kasuwa.

Mataki na 5: Ƙera sifofi da kanka

Ɗafa-ƙeyar *-oso* tana yin aikin da "mai" ke yi mana. *Arena* yashi, *arenoso* mai yashi. *Roca* dutse, *rocoso*. *Espina* ƙaya, *espinoso*. *Escama* ɓawon jikin kifi, *escamoso*. *Grumo* gudaji, *grumoso*. *Nudo* ƙulli ko gaɓar itace, *nudoso*. *Poro* ƙaramar kafa, *poroso*. *Callo* kanta, *calloso*. Wadda ta bauɗe ita ce *piedra*, domin sifarta *pedregoso* ce, mai duwatsu.

Ɗafa-ƙeyar *-ado* kuma tana nuna abin da ya auka wa abu, irin "tsagagge" da "fasasshe" namu, shi ya sa ta fi tafiya da *estar*. *Grieta* tsaga, *agrietado* tsagagge. *Cuarteado* shi ne wanda ya daddare gida-gida, kamar tsohon fenti ko laka bayan tafki ya ƙafe. *Astilla* sartse, *astillado* katakon da ke fitar da sartse. *Erizo* bushiya, *erizado* abin da ya miƙe tsaye cako-cako. Ka ɗauki suna biyar a rana, ka ƙera sifarsu, sannan ka duba ƙamus ka ga ko akwai ta. Galibi za ka tarar akwai.

Mataki na 6: Bi su wuri-wuri

A kan yadi da aikin hannu, kalmomi uku ke yawo: *basto*, *burdo*, *tosco*. Biyun farko na saƙa mai kaurin zare ne, irin buhun algarara, wanda suke kira *arpillera*. *Tosco* na abin da aka ƙera ba a gyare ba ne, kamar bencin da kafinta bai goge ba. Dukkansu suna ɗauke da ɗan raini. In kana gaban mai sayar da bargon ulu saƙar hannu a Peru kana son yabawa, ka ce *rústico*. In ka ce *burdo*, ka kushe masa kaya ne, ko da ciniki kake nema.

A kan fata, hunturu ya riga ya ba ka duk misalan da kake buƙata. Fatar da ta bushe ƙamas *reseca* ce. Faso shi ne *talones agrietados*. Leɓen da ya tsage *labios agrietados*, ko da yake a Sifaniya za ka ji *cortados*, a ƙasashen Latin Amurka da dama *partidos*. Hannun mai kanta *manos callosas*, fatar da ke saɓa *escamosa*. Dutsen goge kaushi *piedra pómez*. Soso kuwa *estropajo*. A Sifaniya asalinsa dunƙulen ciyawar *esparto* ne da ke fitowa a busasshen kudu maso gabas, wajajen Murcia da Almería, amma a Meksiko da Kolombiya sunan yana kan irin sosonmu na yaɗo. Gashin da ya bushe ya cukurkuɗe sukan ce ya zama *estropajo*.

A kicin, kunun da ya yi gudaji *grumoso* ne, ko *tiene grumos*. Abin da ke garas-garas a haƙori *arenoso*. Dankali ko tuffa mai gari-gari *harinoso*. Mangwaro mai zare *fibroso*. Ɓarzajjen abu *grueso* ne, kishiyarsa *fino*: *sal gruesa*, da mutanen Sifaniya kan kira *sal gorda*, da *molido grueso* ga niƙan da bai yi laushi ba. Bauri ma, irin na ɗanyen 'ya'yan itace da ke ɗaure baki, *áspero* suke ce masa.

Akwai wani abu a kicin ɗin Meksiko da ya tara rabin darasin nan a jikinsa, shi ne *molcajete*, ɗan turmin dutse mai ƙafa uku da ake sassaƙawa daga baƙin dutsen aman wuta. Sabonsa *poroso* ne, cike da ƙananan ramuka. *Rugoso* ne a ido. *Áspero* ne a tafin hannu. Kaushin shi ne amfaninsa, da shi yake cin barkono da tumatir. Amma ba a fara aiki da sabo kai tsaye. Sai an zuba ɗanyar shinkafa an niƙa, ta fito toka-toka, a zubar, a sake zubawa, har garin ya fito fari. Wannan shi ne *curar el molcajete*. Wanda ya yi gaggawa, miyarsa za ta fito *arenosa*, kowa na tauna tsakuwa.

A bango, in kana neman hayar ɗaki a Sifaniya za ka ci karo da *gotelé*. Fenti ne mai kauri da ake fesawa ya bushe ɗigo-ɗigo, ya cika gidajen da aka gina daga shekarun 1960 zuwa na 1980, saboda yana rufe aibin filasta cikin araha. Yanzu yayinsa ya wuce, mutane na biyan kuɗi a kankare shi, *quitar el gotelé*, shi ya sa masu tallan gida ke alfahari da rubuta *paredes lisas*. A Meksiko irin wannan feshi *tirol* ne. Birkilan da zai yi aikin sunansa *albañil*, kalmar da suka gada daga Larabcin Andalus.

Hanya da ƙasa ba a ce musu *áspero* a maganar yau da kullum. Hanya mai gargada *llena de baches* ce, *bache* rami ne a titi. Daɓen da bai daidaita ba *desigual* ko *irregular*. Ƙasa mai kwazazzabai *escabroso* ko *accidentado*, kuma wannan ta biyun ba ta nufin an yi hatsari a wurin. Hanyar burji kowace ƙasa da sunanta: *terracería* a Meksiko, *destapada* a Kolombiya, *ripio* a Ajantina da Chile, inda matafiya kudancin Patagoniya ke tambayar ko hanya *asfalto* ce ko *ripio* kafin su tashi. Teku in ta harzuƙa *picado* ko *agitado* ce.

Mataki na 7: Koyi aikatau, su mutane suka fi faɗa

A gaskiya mutumin titi ba ya cika cewa *este suéter es áspero*. Cewa yake *este suéter pica*, rigar sanyin nan tana cizo. *Picar* ƙaiƙayi ne, kuma shi ne yajin barkono, don haka *¿pica?* a gaban mai abinci tambayar yaji ce. *Raspar* gurza ko kankara: *la etiqueta me raspa*. *Rascar* sosa. *Arañar* yaƙushi ko karce. *Pinchar* suka, ana faɗa wa ƙaya da gemun kwana biyu: *la barba pincha*. *Rozar* goga, ita ce ta sabon takalmi mai cin dunduniya: *los zapatos me rozan*. Na gyara kuma uku ne, *lijar* sa samfefa, *alisar* mayar da abu sumul, *pulir* gogewa har ya yi sheƙi.

Mataki na 8: Kula da ƙasa, kula da ma'anar aro

Daga *raspar* aka sami *rasposo*, wanda Meksiko ke amfani da shi sosai a inda Madrid za ta ce *áspero*: tawul, gemu, maƙogwaro, murya. A Ajantina da Yurugwai kuwa yana iya nufin tufa ta tsufa ta ƙoƙe, ko mutum marowaci, don haka a yi hattara. Kolombiya da Benezuwela suna da *carrasposo* ga abin da ke gurzar hannu.

Ma'anar aro ba za ta ba ka wuya ba, domin tafiyarmu ɗaya da su. Muna cewa kakkausar murya da kausasan kalamai, suna cewa *voz áspera* da *palabras ásperas*. Muryar da mura ta dishe *ronca* ce. *Limar asperezas*, goge kaushi da magagari, shi ne sasanta masu saɓani, za ka riƙa ganinsa a labaran siyasa. *Mentira burda* ƙarya ce marar dabara, *tema escabroso* zance ne mai nauyin faɗa a bainar jama'a. *Rudo* da *grosero* na halin mutum ne, kada ka liƙa su a bango ko katako.

In ka ji sabuwar kalma, duba ta a ƙamus ɗin Real Academia Española, cibiyar harshen da aka kafa a Madrid a 1713. Kyauta yake a intanet, kuma yana sa gajerun alamu kamar *Arg.*, *Col.*, *Méx.* gaban ma'anar da ta keɓanta da wata ƙasa. Alamun nan su za ka fara nema.

Mataki na 9: Gwada a shago

Samu abokin karatu, ɗaya ya zama mai shagon kayan gini, wato *ferretería*, ɗaya mai saye. Ka tuna lambar samfefa, *el grano*, tana tafiya a juye: 40 zuwa 80 masu kaushi ne, 120 tsaka-tsaki, 220 zuwa sama masu laushi.

*Buenos días. Necesito lija para madera.* Ina kwana, maigida. Samfefar katako nake so.

*¿De qué grano?* Wace lamba?

*Una gruesa, del 80, y otra fina, del 220. La tabla está muy áspera y tiene astillas.* Mai kaushi ɗaya, lamba 80, da mai laushi ɗaya, lamba 220. Katakon ya yi kaushi ƙwarai, ga sartse.

*Empiece con la gruesa y termine con la fina. Le va a quedar lisa.* Fara da mai kaushin, ka ƙare da mai laushin, Malam. Zai fito maka sumul.

Mai shagon ya yi magana da *usted* na girmamawa, shi ya sa ya ce *empiece* da *termine*. A Madrid ba mamaki ya ce maka *empieza* da *termina* kai tsaye, ba raini ba ne. Ka kuma ɗauki *quedar*, aikatau ɗin da ke faɗin yadda aiki ya fito: *quedó liso*, *quedó áspero*, *quedó grumoso*. In wannan hira ta zauna, ku sauya shagon ya zama na yadi, mai saye ya ƙi bargo saboda *pica* ya nemi *algo más suave*, sannan ku mayar da shi kantin magani, inda za a nemi man shafawa *para talones agrietados*.